Shin Allurar PRP Tana Maido da Gashin Mai Sanƙo?

"Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 31, ina aiki a Abuja, ina zaune a Kubwa. Yau kusan shekara uku ke nan gashina yana ja da baya ta gefen goshi, yanzu kuma tsakiyar kai ta fara haske, har mai askina ya yi mini magana. Mahaifina yana da sanƙo, kawuna ma haka. Na shafa man habbatus sauda, na shafa ruwan albasa, ban ga canji ba. Sai na ga wani waje a Instagram suna tallar allurar PRP, wai za a ɗebi jinina a mayar mini da shi a fatar kai, gashi ya dawo. Kuɗin allura uku ya fi albashina na wata guda. Ga bikina saura wata biyu. In biya ne, ko in haƙura da hula?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri a wannan aure, ya nuna mana lokacin lafiya.

Tambayarka guda ce a baki, amma uku ce a ciki: ko allurar nan gaskiya ce, ko za ta dace da irin kanka, da kuma ko za ta yi aiki kafin biki. Bari in fara sallamar ta ƙarshen, don ita ce mai sauƙi. Ba za ta yi ba. Gashi kusan santimita ɗaya yake ƙarawa a wata, allurai ukun kuma ana ba su tazarar wata guda-guda, ka ga ke nan ranar da za a yi maka ta uku ita ce ranar ɗaurin aurenka. Wanda allurar ta karɓa ma, sai a wata na uku zuwa na shida yake fara ganin bambanci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka cire biki daga lissafin nan gaba ɗaya, sannan mu yi maganar kanka da za ka zauna da shi shekara talatin ko arba'in nan gaba in Allah ya ba da rai.

Abin da ke cin gashin

Irin yadda ka siffanta, ja da baya ta kusurwoyin goshi da hasken maɗiga, ga kuma mahaifi da kawu, ya fi kama da sanƙon gado na maza. Gadon yana zuwa ta ɓangaren uba da na uwa duka, shi ya sa ambaton kawunka yake da ma'ana a wurina. Tushen abin wani sinadari ne da ake kira DHT, wanda jiki ke sarrafawa daga testosteron, sinadarin mazakuta. Kowane namiji yana da shi. Bambancin mai sanƙo shi ne saiwoyin gashinsa na gaba da na tsakiyar kai sun gaji rauni a gaban DHT, na ƙeya da na gefen kunne kuwa ba ruwansu da shi. Tun a 1942 wani masanin Amurka mai suna James Hamilton ya lura cewa mazan da aka dandaƙe kafin su balaga ba sa yin sanƙo, daga nan aka gane inda gizo ke saƙa. Shi ne kuma ya fara tsara matakan sanƙo a 1951, O'Tar Norwood ya gyara tsarin a 1975, ya zama matakai bakwai da muke aunawa da su har yau.

Kowane silin gashi yana yin shekara biyu zuwa shida yana girma, ya huta kamar wata uku, ya faɗi, wani ya fito a gurbinsa. Faɗuwar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Abin da DHT ke yi shi ne ya gajarta lokacin girman, ya kuma tsuke saiwar. Duk zagayen da aka yi, gashin da zai fito ya fi na baya siranta da gajarta, har ya koma kamar gashin jariri, daga ƙarshe saiwar ta rufe. Idan na ɗora madubin duba fata a kan mutum irinka, abin da nake gani ke nan: sili mai kauri, kusa da shi wani siriri kamar zaren gizo-gizo, can kuma wani ɗan rami da ya kamata a ce sili biyu ko uku ne ke fita daga cikinsa, amma ɗaya ya rage. Waɗannan siraran su ne abin da ake ceto. Inda fata ta riga ta yi sulɓi tana sheƙi shekara da shekaru, babu allurar da ke tayar da saiwar wurin.

Hula ba ta kawo sanƙo, rawani ma haka, yawan aski ma haka. Ina faɗa ne don kusan kowane mako sai an tambaye ni.

Amma fa ban ga kanka ba, kuma ba duk zubar gashi ba ce sanƙon gado. Wanda ya sha zazzaɓi mai tsanani, taifot ko maleriya, yakan ga gashi yana zuba bayan wata biyu ko uku, kuma wannan yakan dawo da kansa. Akwai makero, akwai amosani mai tsanani, akwai ciwon da ke cinye gashi ya bar fili kamar kwabo, akwai ƙarancin jini da matsalar ƙwayar nan ta gaban wuya da ke kawo maƙoƙo. Akwai kuma ƙurajen ƙeya da ke addabar mazanmu masu son aski ƙwal da reza, waɗanda ke barin tabo mai tudu. Kowanne maganinsa daban. Wani bawan Allah ya zo mini bayan ya biya kuɗin allura har sau biyar a wani gidan gyaran jiki, ina dubawa na tarar ciwon fata ne mai barin tabo yake cin kansa, ana ta soka allura a kan kumburi. Watannin da ya ɓata a can, da an yi su ana kashe kumburin, da gashin da ya tsira ya fi haka.

Yadda ake yin allurar

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi, da farare, da wasu ƙanana da ake kira filatilet, su ne ke rugawa bakin rauni su daskarar da jini. Mai lafiya yana da 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikirolita ta jini, wato ɗan mitsitsin ɗigo. Aikinsu bai tsaya ga toshe rauni ba, suna ɗauke da sinadaran da ke umartar nama ya gyaru, sababbin ƙananan jijiyoyin jini su fito. PRP ruwan jini ne da aka tattara waɗannan ƙwayoyi a cikinsa suka ninka yadda suke a jinin jiki. Likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi sun yi amfani da shi tun shekarun 1990, likitocin 'yan wasa suka ɗauka don raunin jijiya da gwiwa, daga baya ya iso kan gashi.

Ana ɗibar jini a hannu kamar za a yi gwaji, yawanci bai wuce cokali ɗaya zuwa biyu na cin abinci ba. A sa kwalbar a na'urar da ke juya ta da gudu na kimanin minti goma. Idan aka fito da ita za ka ga jinin ya rabu: ja mai duhu ya kwanta a ƙasa, sama kuma ruwa ne rawaya-rawaya kamar man gyaɗa, a tsakaninsu akwai wani siririn layi fari-fari. Ruwan da ke dab da wannan layi shi ake zuƙa a sirinji, a bi wuraren da gashi ya yi siriri ana sokawa da ƙaramar allura, tazarar kamar santimita guda tsakanin kowane suka. Duka-duka awa ɗaya. Da na yi wa wani dattijo bayani sai ya ce, "To ai ƙaho ne aka juya, wanzami ya fitar ya zubar, ku kuma ku tace ku mayar." Ya kama hoton abin sosai.

Akwai zafi, kada a ruɗe ka. Fatar kai tana da jijiyoyi da yawa, suka kuma ba ɗaya ba ne, ba goma ba. Ana rage shi da man kashe zafi ko ƙanƙara. Bayan an gama, kai yakan yi nauyi, wani ya yi ciwon kai, wani goshinsa ya ɗan kumbura kwana ɗaya ko biyu. Tunda jininka ne, da wuya jiki ya ƙi shi.

Tana aiki?

Tana yi, ga wasu, zuwa wani mizani. Ɗaya daga cikin binciken da aka fi ambato shi ne wanda Pietro Gentile da abokan aikinsa suka wallafa daga Italiya a 2015. Sun raba kan kowane mutum biyu, gefe guda aka yi masa PRP sau uku da tazarar kwana 30, ɗaya gefen aka yi masa allurar da ba magani a ciki, sai gefen PRP ya fi yawan gashi. Wasu binciken da suka biyo baya sun nuna makamancin haka, wasu kuma ba su ga bambancin kirki ba. Yawancinsu mutane kaɗan aka gwada, 'yan gomomi, kuma ba a bi su shekaru masu yawa ba. Babbar matsalar ita ce babu tsari ɗaya da aka yi ittifaƙi a kansa. Wannan asibiti ya juya jinin sau ɗaya, wancan sau biyu, wannan ya ɗebi kaɗan, wancan da yawa, wani ya ƙara sinadarin da ke tayar da ƙwayoyin, wani bai ƙara ba. Sunan ɗaya ne, abin da ke cikin sirinjin ya bambanta. Hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da PRP a matsayin maganin sanƙo ba, na'urorin tace jinin kawai ta ba izini.

A nawa aikin, waɗanda suka fi jin daɗinta su ne masu irin matakinka, waɗanda maɗigarsu ta fara haske amma gashi na nan. Abu na farko da suke faɗa shi ne zubar ta ragu, sun daina ganin gashi a cikin hula da kan matashi. Daga baya silin ya ɗan yi kauri, fatar da ke leƙowa ta ragu. Kusurwoyin goshi sun fi taurin kai, ban cika yi wa kowa alkawari a kansu ba. Akwai kuma waɗanda aka yi musu komai daidai, hoton wata na shida ya fito kamar na ranar farko. Ba ni da gwajin da zai nuna mini tun farko wanda zai faɗa a wane rukuni, kuma ina gaya wa mutum haka kafin ya ciro kuɗinsa.

Ga abin da masu talla ba sa faɗa. Ka ɗauki gonar dawa da wuta-wuta ta kama. Idan ka zuba taki, dawar za ta ɗan murmure, ganye ya yi kore, amma ciyawar tana nan a ƙarƙashin ƙasa tana tsotsar saiwa. PRP taki ce. Ba ta taɓa DHT ko kaɗan. Shi ya sa bayan allurai uku ko huɗu na farko ake buƙatar komawa duk wata huɗu zuwa shida, in an daina kuma gashin ya koma kan hanyarsa ta da. Kuɗin da aka gaya maka na shiga ne kawai. Ka lissafa na shekara biyar, ka ɗora a kan kuɗin haya a Abuja da hidimar sabon gida, sannan ka yanke shawara.

Magunguna biyun da ya kamata a fara da su

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawan samarin da ke zuwa sun san PRP daga waya, amma ba su taɓa jin magunguna biyun da suka fi ta hujja kuma suka fi ta araha ba.

Na farko minoksidil, na shafawa. Asalinsa maganin hawan jini ne, aka lura masu shan sa suna fitar da gashi, FDA ta amince da na shafawa a 1988. Maza suna amfani da mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, safe da dare, a kan fata ba a kan gashi ba. Nakan ce wa mutanena su shafa bayan sallar asuba da bayan isha'i, don ya samu awanni ya shiga kafin alwala ta gaba. A makonnin farko zubar takan ƙaru, a nan ne da yawa suke tsorata su jefar da kwalbar, alhali tsofaffin silin ne ke ba sababbi wuri. Sai an yi wata huɗu zuwa shida ake hukunci. Yana iya kawo ƙaiƙayi, kuma in an daina, abin da aka samu yakan zube cikin 'yan watanni.

Na biyu finasteraid, ƙwaya ta miligiram 1 a rana, an amince da ita a 1997. Ita ce ke zuwa wa wuta-wutar kai tsaye, tana rage DHT na jini da kimanin kashi biyu cikin uku. A manyan gwaje-gwajen da aka yi, kusan mutum 83 cikin 100 ba su ƙara rasa gashi ba bayan shekara biyu. Amma kai ango ne, dole in tsaya a nan. A gwaje-gwajen, kusan mutum 4 cikin 100 sun yi ƙorafin raguwar sha'awa ko rauni wajen auratayya, a cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani kuwa kusan 2 ne. Yawanci yana wucewa in an daina, ko da yake akwai waɗanda suka ce nasu ya daɗe. Tana iya rage yawan maniyyi ga wasu mazan, an kuma samu masu ƙorafin damuwa da ƙuncin rai. Mace mai ciki ba ta taɓa ƙwayar da ta fashe, saboda tana iya cutar da ɗan tayi namiji. Don haka ba maganin da za ka shiga kemis ka saya don aboki ya ce yana sha ba ne. Da yawa daga angwayen da nake gani mukan fara da minoksidil, mu jinkirta ƙwayar har hankali ya kwanta, a yi shawara da uwargida, musamman in ana neman haihuwa da wuri. Duk wanda za ka saya, ka duba lambar NAFDAC, don jabu sun yi yawa.

Idan mutum yana kan ɗaya ko duka biyun nan, ya ƙara PRP a kai, a nan ne na fi ganin ta yi amfani. Dashen gashi kuwa, wanda ake tafiya Turkiyya dominsa, na wanda fili ya riga ya buɗe ne. Ana ciro saiwoyin ƙeya a dasa a gaba, kuma shi ma yana buƙatar magani don tsare sauran gashin. Mai fatar da ke yin tabo mai tudu sai ya yi hattara ƙwarai. Ba ka kai nan ba.

Man habbatus sauda da man kaɗanya suna laushin fata da gashi, ba laifi ka ci gaba da su. Ruwan albasa dai ka bar shi, yana ƙona fatar wasu.

Hannun da zai taɓa jininka

Wannan ya fi damuna a kan ko gashi zai fito ko ba zai fito ba. Allurar PRP aikin asibiti ne, jini ake fitarwa a mayar. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mata uku da suka kamu da ƙanjamau bayan an yi musu gyaran fuska da irin wannan ruwan jini a wani gidan kwalliya marar lasisi a jihar New Mexico, inda aka tarar da kwalaben jini ba suna da allurai a buɗe. Idan haka ta faru a can, ka san ba abin wasa ba ne a nan, inda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikin jama'a. Wuse 2 da Maitama da Gwarimpa cike suke da wuraren gyaran jiki masu kyan gini da sanyin na'ura, wasu da ƙwararrun likitoci a ciki, wasu kuwa ba ko ɗaya. Kyan kujera ba shaida ba ce.

Ka tambayi sunan likitan da zai yi maka, da rajistarsa a Hukumar Likitoci ta Nijeriya, MDCN. Likitan gaske ba ya jin haushin wannan tambaya. A buɗe allura da sirinji da kwalba sababbi a gabanka, a rubuta sunanka a jikin kwalbar, kuma ka ga inda aka kai ta. Idan ana juya jinin mutum biyu a lokaci guda ba alama, tashi ka tafi. Idan ba wanda ya duba kanka da madubi, ba wanda ya tambaye ka magungunan da kake sha, aka wuce kai tsaye zuwa maganar rangwame in ka biya uku a haɗe, wannan ciniki ake yi da kai. Wanda ya ce maka tabbas gashi zai dawo kamar na ɗan shekara ashirin, ya faɗi abin da ba mai iya lamuncewa.

Akwai waɗanda ba na yi wa ita sam, ko sai an yi shawara da likitansu: mai ƙarancin filatilet, mai shan maganin tsinka jini, mai ƙuraje ko ciwo a fatar kai, mai cutar daji, mai ciwon hanta da ya yi nisa, mai ƙarancin jini sosai. Mai sikila da mai ciwon suga da bai daidaita ba sai an duba su da kyau. Maleriya tana saukar da filatilet, don haka wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba sai ya jira, in ba haka ba ruwa kawai za a mayar masa. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak suna raunana aikin ƙwayoyin, akan dakatar da su kwanaki kafin allura, amma wanda likita ya ɗora a kan asfirin saboda zuciya kada ya daina da kansa.

Da ni ne kai, ga yadda zan yi. A makon nan zan je wurin likitan fata, akwai su a Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da wasu asibitocin kuɗi. A duba kan, a tabbatar sanƙon gado ne, a yi gwajin ƙidayar jini. Zan fara minoksidil, amma tunda zubar farko tana iya faɗowa daidai lokacin biki, ba laifi in an bari sai an gama hidima, wata biyu ba za su canza komai ba. Kuɗin alluran nan zan bar su a hidimar aure. Ranar da na fara magani zan sa a ɗauki hoton kaina ta gaba da ta sama da gefe biyu, a tsakar gida da hasken safe, kwana uku bayan aski. Zan maimaita duk wata uku, wuri ɗaya, haske ɗaya, tsawon gashi ɗaya, domin madubin banɗaki yana ruɗi, ido kuma yana ganin abin da zuciya ke tsoro. Bayan wata shida a ajiye hotunan gefe da gefe. In zubar ta tsaya kuma ka gamsu, shi ke nan. In kana son ƙari kuma aljihu zai ɗauki komawa sau biyu ko uku a shekara ba tare da gida ya ji a jikinsa ba, sai a ƙara PRP, a sake ɗaukar hoto kafin allurar farko da wata uku bayan ta ƙarshe. Idan ka je ganin likitan, kada ka yi aski ƙwal kafin ranar, ka bar gashin ya yi kamar mako biyu, kuma kada ka shafa mai a ranar, don madubin ya iya nuna siraran silin da ake nema.